Aikatau nake fara nema

Tun da na fara koyar da li'irabin jimlar Turanci, wato fayyace aikin kowace kalma a cikin jimla, abu ɗaya nake ta nanata wa ɗalibaina: ba a gane ajin kalma sai an ga aikin da take yi a cikin jimla. Yawancinsu sun zo da haddar azuzuwan kalmomi takwas, rabon da Turanci ya gada daga nahawun Girkanci da Latin, suna kuma iya karanto ma'anar suna da aikatau da sifa ba gargada. Amma da zarar na rubuta musu "Swimming keeps her strong", sai kowa ya nuna "swimming" ya ce ga aikatau, tunda iyo aiki ne.

A nan na fito da dabarar da har yau nake amfani da ita. Nakan ce su mayar da jimlar zancen jiya. Kalmar da ta sauya kama ita ce aikatau: "keeps" ta koma "kept", "swimming" kuwa ko gezau. Ashe a gurbin suna take zaune, ita ce aikau, wato mai yin aikin. Idan aikatau ya samu, sauran aiki ya yi sauƙi, domin Turanci yakan jera aikau, sannan aikatau, sannan karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. Don gano iyakar yankin suna kuma, sai mu gwada sa "it" ko "they" a madadinsa; duk abin da wakilin sunan ya haɗiye, yanki ɗaya ne.

Ban yarda da dogaro da ƙarshen kalma ba. Ana yawan cewa mai ƙarewa da "-ly" bayanau ce, wato kalmar da ke bayyana yadda aka yi aiki, alhali "friendly" sifa ce, "fast" kuma takan zama bayanau a "he runs fast" ba tare da wani ƙari ba.

Jimlar da na fi son bayarwa ita ce "The old man the boats". Sukan yi shiru, wasu su ce an manta aikatau ne. Sai mu yi gwajin nan na mayar da jimla zancen jiya, "man" ta koma "manned", a ga "the old" tsofaffi ake nufi, su ne ke kula da jiragen ruwan. Daga ranar, ɗalibin da na tambaya ajin kalmar "round" ko "water" yakan ce in fara sa masa ita a jimla tukuna.