Tabon da ke dawowa a daɓen farin dutse

Tsakar gidana daɓen farin dutse ne, dangin wanda ake haƙowa a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe ana yin siminti da shi. Yana da kyau, kuma ba ya ƙona ƙafa da rana, sai dai mashayi ne: duk abin da ya zuba masa sai ya tsotse. Shi ya sa za ka wanke tabo yau, jibi ya sake leƙowa a inda yake. Saman kawai ka wanke. Na cikin yana nan, danshi ne ke hawo da shi idan rana ta buga.

Duk wanda ya gani sai ya ce a zuba asid. Kada ka yarda. Ɗiga ruwan lemun tsami a gutsuren dutsen ka gani: kumfar da za ta taso, dutsen ne ke narkewa. Haka ruwan tsamiya, haka ruwan kal, balle sinadarin wanke masai. Wurin zai yi fari fes, ka ɗauka an gama, alhali ya yi kaushi, datti kuma ya samu maƙale.

Ni yanzu kafin in ɗauko bokiti sai na tambayi kaina daga ina abin yake zuwa. Jan da ke gindin famfo tsatsa ce, daga ruwan burtsatse mai ƙarfe, ko ƙafar kujerar ƙarfe, ko gindin tukunyar gas. Muddin famfon na ɗiga, wahalar banza kake. Burushin waya ma ƙara ta yake, don yana barin ɓurɓushin ƙarfe. Tabo mai launin ruwan ƙasa da ke ƙarƙashin darbejiya na ganye ne da 'ya'yanta; shara da wuri ta fi komai, sauran kuma Hypo, bilicin wankin nan, da aka tsinka da ruwa yana fitar da shi, har da gansakukar Agusta. Amma Hypo da asid ba sa haɗuwa, iskar da ke tashi guba ce. Farin gishirin nan kuwa da ke tsatsowa bayan damina, busasshen burushi yake so. Ruwa narkar da shi yake ya mayar ciki.

Baƙin man janareta da manja su ne masu taurin kai, kuma goga ba ya kai musu, sai an jawo su waje. Ina kwaɓa garin alli da garin sabulu da ɗan ruwa, ya yi kaurin ƙullin ƙosai, in lafta a kan tabon har ya zarce gefensa kaɗan. In rufe da leda, in danne bakin, ya yi awa 24 zuwa 48. Daga nan in yaye ledar, in ƙyale shi ya bushe ƙamas. A nan mutane ke gaggawa, alhali bushewar ce ke zuƙo man. Sai a kankare da katako, a ɗauraye. Tsohon tabo sai an maimaita. Janaretan kuma yanzu a kan faranti yake zaune.

Idan za ka shafa maganin toshe dutse, bari sai hunturu, lokacin da ya bushe har ciki, kuma ka nemi mai nutsewa. Mai sheƙin nan yana kulle danshi a ƙasa, ya yi fari-fari ya fara ɓarewa. Gwada shi tukuna a lungun da baƙo ba ya gani.