Kwaɗon Oga da shanyar Baba maigadi

A shekarata ta farko ta koyon girka farantan tauraron ɗan'adam, Oga ya tura ni saman wani bene a titin Ahmadu Bello a Kaduna in duba abin da ya raunana siginar wani ofis. Ina hawa na ga dalili: zanzaro ya gina ɗakinsa na laka a bakin ƙahon da ke fuskantar farantin, wato bututun da sigina ke shiga da fita ta cikinsa. Na kira abokin aikina da ke ƙasa na ce ya kashe wuta, ya ce an kashe. Na ɗauko sukudireba na hau ɓanɓarar laka, fuskata dab da bakin ƙahon. Can sai na ji ɗumi a kuncina. Safiyar hunturu ce, hazo ya rufe gari, babu ranar da za ta ɗumama ni haka. Ban gama tunani ba na ji an fizgo rigata ta baya.

Oga ne. Ashe wutar NEPA abokin nawa ya kashe, na'urar tura saƙon kuwa tana kan inbata, tana ta aikinta. Oga bai yi mini tsawa ba. Ya sauka da ni, ya kashe na'urar da hannunsa, ya ɗana kwaɗo a akwatin makunnin, ya danƙa mini makullin. Ya ce, "Yaro, in makullin nan ba ya aljihunka, to farantin a kunne yake, ko wa ya ce maka an kashe."

Daga baya ne na zauna na fahimci abin da ya taɓa ni. Tauraron da muke magana da shi yana nisan kilomita 35,786 a saman ikwaita, don haka sai an tattara ƙarfin igiyar rediyo wuri guda kafin ta kai can. A zangon igiya da ake kira C ana turawa a wajen gigahaz 6 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne), a zangon Ku a wajen 14. Wannan igiya ba irin ta hoton ƙashi na asibiti ba ce, ba ta farfasa ƙwayoyin halitta. Ɗumama nama take yi, kamar tandar zamani da ke ɗumama abinci a gigahaz 2.45. Ido da 'ya'yan maraina su ne abin tsoro, saboda ba sa iya fitar da zafi da sauri, kuma zafi mai yawa yana iya kawo yanar ido. Hukumar ICNIRP, mai tsara ma'aunin da ƙasashe da dama ke bi, ta sa iyaka a wannan zango: wat 50 a kowace murabba'in mita ga ma'aikaci, wat 10 ga sauran jama'a. Na'urarmu wat 20 ce kacal, amma ka ɗauka duk ƙarfin yana fita ta baki mai santimita 10 a kan 10. Wat 2,000 ke nan a murabba'in mita, ninki 40 na abin da aka yarje wa ma'aikaci. Wurin da na kai idona ke nan.

Na daɗe ina ganin na gama koyon darasin, tunda kwaɗona ba ya barin jakata. Sai bara da damina muka je gyara a wani wuri a Kakuri, inda aka girka faranti mai faɗin mita 2.4 a ƙasa, bayan ɗakin janareta. Muna shiga na hango riga da wando da ɗan tawul a rataye a ƙarfen da ke riƙe da ƙahon. Baba maigadi ne ya yi wanki. Na tambaye shi, "Baba, kullum nan kake shanya?" Ya ce, "Ai ɗana, wurin nan ya fi ko'ina, babu mai taɓa mini kaya." Ya nuna mini yadda yake sunkuyawa ya miƙa hannu, kansa yana ratsawa tsakanin ƙaho da faranti. A jikin katanga akwai allon gargaɗi, da Turanci, rana ta cinye rabin rubutun.

Abin ya tsaya mini a rai har yau. Mu da muka san lissafi muna zuwa sau ɗaya a wata uku, mu kashe, mu gyara, mu tafi. Shi da yake kwana yana tashi a wurin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani. A fuskar irin wannan faranti, da wat 20, lissafi yana ba da kusan wat 18 a murabba'in mita, wato ƙasa da iyakar ma'aikaci amma sama da ta jama'a, kuma Baba a sahun jama'a yake. Igiyar ma, a zangon C, ba ta fara bajewa sosai sai bayan kusan mita 29. Ga shi wasu tashoshin, idan ruwan sama ya sauko, na'urar da kanta take ƙara ƙarfi don siginar ta ratsa hadari, daidai lokacin da mai shanya ke rugawa ya kwashe kayansa.

Ba yau Kaduna ta san irin waɗannan tashoshi ba, ga tsohuwar tashar NITEL ta Kujama a hanyar Kachia. Amma waccan a fili take, an killace ta. Na yanzu ƙanana ne, suna kan rufin bankuna da bayan ofisoshi, kusa da mai shara da maigadi.

Gaskiyar kuma da nake faɗa wa mutane ita ce, kada tsoro ya wuce gona da iri. Farantin DStv ko na tashoshin kyauta da ke kan rufin gidanku karɓa kawai yake yi, ba ya tura komai. Bayan faranti mai turawa ma ƙarfin kaɗan ne. Gaba ne abin gudu, musamman tsakanin ƙaho da faranti.

Ranar ba mu bar Kakuri ba sai da muka ja waya muka kewaye wurin, na rubuta gargaɗin da Hausa, da boko da ajami, tunda ajamin Baba ya fi karantawa. Muka ɗaura masa igiyar shanya tsakanin bishiyar darbejiya da ƙarfen get. Ya ja ta da hannu ya ji ta yi ƙarfi, sannan ya je ya kwaso kayansa, bayan na nuna masa makullin a tafin hannuna.