Baba tsoho da 'yarsa, abin da na gani a Sunderland

Na sauka garin Sunderland na Birtaniya a 2022 da bizar masu kula da tsofaffi, wallahi ban ɗauka maganar Brexit, wato ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, tana da sauran zafi ba tunda tun 23 ga Yunin 2016 akayi ƙuri'ar, kashi 52 suka ce a fice daga Tarayyar Turai, 48 suka ce a zauna, kuma ƙarshen Janairun 2020 aka fita. Ashe tsugune bata ƙare ba.

Akwai wani dattijo da nake zuwa gidansa kullum da safe, Baba nake ce masa, in haɗa masa shayi in bashi magani. Shi ficewa ya zaɓa kamar kashi 61 na mutanen garin, 'yarsa kuma tana Landan tana auren ɗan Foland, tun lokacin ta ɗauke ƙafa sai dai waya ran Kirsimeti. Ni kaina abun ya tsaya min a rai, don ai rage baƙi akayi ta faɗa a kamfen ɗin, gani nan baƙuwa daga Kano ina ɗaure masa takalmi. Rannan na kasa haƙuri na tambaye shi, yayi shiru can yace shi bai tsani kowa ba, a masana'antar ƙera jiragen ruwa yayi ƙuruciyarsa, aka rufe ta ƙarshe a 1988 babu wanda ya waiwaye su, sai ranar ƙuri'ar nan aka tambayi ra'ayinsu. Ban yarda da zaɓinsa ba har yau, amma na daina masa kallon da nake masa.

A gida da tuni manya sun zaunar dasu, anan kuwa kowa tasa ta fishshe shi. Da 'yar ta kira nace mata 'yar'uwa, hoton ɗanki na nan gefen gadonsa, kullum sai ya goge shi da hannun riga.

A watan Yuni ta zo, ya dace da taron maƙwabta da akeyi don tunawa da Jo Cox, 'yar majalisar da aka kashe saura sati ɗaya ƙuri'ar. Na kai dafa-duka cikin kula, surukin ne ya turo keken Baba har bakin tebur, gaisuwarsu dai sama-sama. Yanzu duk wata biyu suna zuwa, in aka sako labarai 'yar ke tashi ta rage muryar talabijin.