Kafin ruwa ya sauka: yadda shugaban ƙungiyar unguwa zai kasa lokacinsa

Wanda aka ɗora wa shugabancin ƙungiyar ci gaban unguwa ba albashi yake karɓa ba. Da rana yana kasuwa ko ofis ko aji, da dare iyali na jiransa, waya kuma ba ta hutawa: wannan yana son a gyara rijiyar burtsatse, wancan yana ƙorafin taransifoma, wani ya kawo maganar kuɗin 'yan sintiri. Duk buƙatu ne na gaskiya, amma taura biyu ba ta taunuwa. Tambayar da za ta raba masa gardama ita ce: a cikin ayyukan nan, wanne ne ranarsa ba a hannunmu take ba?

A garuruwa irin su Kano da Zariya da Katsina, amsar ita ce yashe magudanan ruwa. Idan burtsatse ta kwana wata guda a lalace, mutane za su sha tsadar 'yan garuwa, sannan a gyara. Kwata kuwa idan ta toshe har ruwan Agusta ya same ta, ruwa zai shiga ɗakuna, katangar ƙasa ta jiƙe ta faɗi, abin da ya rage sai jaje. Don haka daga watan Maris, wannan aikin ne ke gaba da komai.

Lissafin daga baya ake faro shi. Ruwan farko yakan sauka cikin Mayu ko farkon Yuni, to a sa ƙarshen Mayu a matsayin ranar gamawa. Unguwa mai babbar kwata ɗaya da ƙanana biyar ko shida tana buƙatar Asabar uku. Motar da za ta kwashe dattin sai an nema tun saura mako biyu, ko daga hukumar kwashe shara ko ta haya. Kafin nan sai an haɗa kuɗin karo-karo, shi ma mako uku ne aƙalla, domin mutane ba sa bayarwa a zagayen farko. Kafin kuɗi kuma sai an je gaida mai unguwa an sanar da shi, an roƙi liman ya faɗa bayan sallah. Idan ka haɗa, za ka ga wanda ya fara a watan Mayu ya riga ya makara. A duba kalandar Musulunci ma, tunda azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara. Ba a sa mai azumi haƙar laka a cikin zafin bazara.

A Kano akwai wata dama da shugabanni da yawa ke bari ta wuce su. Asabar ɗin ƙarshen wata ranar tsaftar muhalli ce, ana taƙaita zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe. Shaguna a rufe, matasa na gida. Awa uku ke nan da ba sai ka roƙi kowa ya bar sana'arsa ba. A ɗora aiki mafi nauyi a kan wannan rana.

Inda lokaci ya fi zurarewa shi ne wurin taro. Taron da aka kira bayan isha'i ba shi da ƙarshe, sai an gaji a watse ba a yanke komai ba. Wanda aka yi tsakanin magariba da isha'i kuwa ladan ne zai rufe shi, kowa ya san haka, sai a taƙaita magana. Batutuwa uku sun isa. Kowace shawara a rubuta ta da suna da rana. “Za a nemo baro” ba shawara ba ce, don ba wanda zai nemo. “Malam wane zai kawo baro huɗu ranar Alhamis” ita ce shawara. Sakatare ya karanto abin da aka rubuta kafin a tashi, sannan ya tura shi da saƙon murya a WhatsApp saboda waɗanda ba sa karatu. Gara a buɗe zaure biyu: ɗaya na sanarwa wanda shugabanni kaɗai ke rubutu a ciki, ɗaya na hira. Idan aka haɗa su, sanarwar aiki za ta nutse a cikin gaishe-gaishen Juma'a.

Ranar aiki, a fara daga inda ruwa ke fita, a yi sama. Waɗanda suka fara daga ƙofar gidajensu suna tura laka ne zuwa wurin da yake a toshe, aikin ya zama biyu. A raba mutane rukuni-rukuni, bakwai ko takwas: biyu a cikin kwata da shebur, biyu masu baro, ɗaya da manjagara yana tsamo leda da robobi, sauran su karɓe su bayan minti 20. Duk wanda zai shiga ciki ya sa takalmin roba da safar hannu, domin akwai fasassun kwalabe da allurai. Yara su tsaya ga rabon ruwan sha. A ƙirga kayan aiki da safe, a sake ƙirgawa kafin a watse. Kuskuren da ya fi ciwo shi ne a tara laka a bakin kwata a tafi. Kwana ɗaya ko biyu ya ishe ta ta tsane. Idan ta wuce haka, awaki da ƙafafun mutane da ruwan farko za su mayar da ita inda ta fito. Shi ya sa ranar zuwan mota ake fara tsayarwa, sannan ranar gayya.

Shugaba ya ɗauki shebur a minti 15 na farko don a ga ya shiga, daga nan ya ajiye. Idan ya nutse cikin laka, babu mai lura cewa rukunin can baronsu ya karye ko ruwan sha ya ƙare. Kuɗi kuma kada ya taɓa su. Aikin ma'aji ne, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace Asabar, don zargi yana cin lokaci fiye da aikin kansa. A tashi kafin ƙarfe 10 da rabi, rana ta yi zafi, masu ɗaurin aure kuma suna son su yi wanka.

Sauran buƙatun fa? Ba a cewa dattijo a'a kai tsaye. A buɗe littafi a gabansa a rubuta, a ce masa: “Baba, ga shi na rubuta, in sha Allahu taron farko bayan mun gama kwata da shi za mu fara.” Amma fa a cika. Rasuwa ce kaɗai ke ture tsarin nan, shi ya sa mataimaki zai riƙe kwafin jadawalin da lambar direban mota, domin ranar da shugaba yake maƙabarta aikin ya ci gaba a ɗaya layin.