Wata bakwai kafin na sayi kyamara

Yau kwana uku ke nan da kyamarar ta iso hannuna, bayan wata bakwai ina kai-kawo a kanta.

Da farko yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗa hoto, na sa wa ido, ina ganin mai lamba babba ita ce gaba. Sai da na ɗauki hoton 'yata da magariba da wata kyamara ta aro, fuskarta ta fito duk dishi-dishi, sannan na gane girman sensa, wato farantin da ke kama haske a ciki, shi ne kan gaba. Babbar sensa milimita 36 ce a kan 24, ƙaramar da ake kira APS-C kuwa kusan 23 a kan 15. Duk da haka na zaɓi APS-C mai megafiksel 24, hoto mai ɗigo 6000 a kan 4000, ya ishe ni har in buga babba in rataya a bango. Ragowar kuɗin na zuba a gilashin gaba mai buɗewa sosai don haske ya shiga da yawa, domin jikin kyamara yakan tsufa, gilashi mai kyau kuwa yana daɗewa.

Maganar lokaci ita ta fi damuna. Kullum ana cewa sabon samfuri na tafe, a jira. Na jira ɗin, ba don sabon ba, sai don farashin wanda ya gabace shi yakan sauko idan ya fito. Haka kuwa aka yi.

Abin da ke min ciwo ɗaya ne: cikin watannin nan yarinyar ta fara tafiya, kuma da waya kawai na ɗauke ta. Jiya da yamma dai na kama ta tana gudu, ko gashin girarta ya fito tar.