Abin da cika wa matasa fom ɗin shiga soja ya koya mini

Lokacin da nake karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, na haɗa da aiki a wani shagon kwamfuta da ke Sabon Garin Zariya, inda cinikinmu yake ƙaruwa sosai duk sa'ad da aka buɗe shafin ɗaukar sababbin sojoji. Zariya gari ne da ya saba da kaki, domin tun 1924 ake horar da kurata a nan, ga kuma makarantar yaran soja da aka kafa a 1954, saboda haka ba abin mamaki ba ne yaro ya tashi da burin ɗaukar bindiga. Matashi yakan zo da takardunsa a leda, da shaidar ƙaramar hukuma da ta haihuwa da sakamakon jarrabawa, ya tsaya ya jingina bayansa da bango inda muka yi alama da alli, don ya ga ko tsayinsa ya kai mita 1.68 da ake nema ga maza. Tambayoyinsu ba su wuce albashi da wurin tantancewa ba, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi yadda ake barin aikin ba.

Wanda ya fara jawo hankalina ga wannan shi ne wani tsohon saja da ya rako ɗansa don ya sa hannu a takardar amincewar iyaye. Ya hana ni buga takardar sai da na karanta masa sharuɗɗan layi-layi, sannan ya ce, "Ɗana, soja da ƙafarka kake shiga, amma fita sai an sallame ka, kuma ko an sallame ka sunanka yana nan a littafi." Na ce, "Baba, ai Najeriya ba ta tilasta wa kowa aikin soja." Ya yarda da haka, amma ya ce wannan maganar waɗanda ba su taɓa shiga ba ta shafa.

Karatu ya gaskata shi. Amurka ta daina ɗaukar soja na dole a 1973, amma duk wanda ya shiga da kansa yana ɗaukar alkawarin shekara 8 ne, ko da kuwa 4 kawai zai yi sanye da kaki. Sauran shekarun yana gida yana sana'arsa, sunansa kuma yana cikin jerin sojojin ko-ta-kwana. Da yaƙin Iraƙi ya ja, a 2004 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta kira kimanin mutum 5,600 daga cikinsu ba tare da neman yardarsu ba, aka kuma riƙe waɗansu da wa'adinsu ya cika aka hana su tafiya. A Satumban 2022 Shugaba Putin na Rasha ya ba da umarnin tattara mutum 300,000 daga waɗanda suka taɓa samun horo, abin da ya sa motoci suka yi dogon layi a iyakar ƙasar da Jojiya.

Ba na ganin kiran tsohon soja zalunci ne a kan kansa, domin mayar da farar hula soja yana cin watanni, samun ƙwararren makaniki ko ma'aikacin jinya na fagen daga kuwa yana cin shekaru, abokin gaba kuma ba ya jira. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda nauyin yake faɗa wa. Ƙasar da ta dogara da masu shiga da son ransu, idan ta matsu, ba ta waiwayar waɗanda suka zauna a gida, sai ta koma kan waɗanda suka riga suka biya nasu kason, kamar jakin da aka ga yana jure kaya aka ƙara masa mangala. Bugu da ƙari, saurayi ɗan shekara 19 ne ya sa hannun, amma magidanci mai mata da 'ya'ya da kuɗin haya ne zai cika alkawarin, kuma ba a sake tambayarsa. Tun daga nan na mayar da karanta sharuɗɗan a bayyane cikin aikina, ko da masu jira suna gunaguni.

Tarihinmu ma bai tsira ba. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, sojojin tarayya ba su wuce kimanin 10,000 ba, kafin a gama shi a Janairun 1970 kuwa sun doshi 250,000. A farkon wannan faɗaɗawa gwamnatin Janar Gowon ta nemi tsofaffin sojoji su dawo, ciki har da waɗanda suka yi yaƙin Bama (ƙasar Burma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu) a ƙarƙashin Turawan Ingila. Wanda ya tafi Bama a 1943 yana ɗan shekara 20, a 1967 yana da 44, ya riga ya koma gona ko gadi, wani ma ya fara aurar da 'ya'ya.