Rajista ta 40001 da adireshi na sifili a tsarin Modbus

A 'yan watannin baya an kira ni wata masana'antar sarrafa shinkafa domin in haɗa mitar wutar lantarki da na'urar PLC mai kula da injinan wurin. Wayoyin RS-485, waɗanda saƙo ke bi tsakanin na'urorin biyu, suna daidai, saurin saƙo an sa shi 9600 a ɓangarorin biyu, mitar kuma tana amsawa, amma lambobin da take turowa ba su da kai ba su da gindi. Na shafe kusan yini guda kafin in gane cewa laifin yana wurin yadda nake kiran adireshin bayanan da ke cikin mitar a tsarin Modbus.

Tsarin Modbus, wato ƙa'idar da na'urorin masana'antu ke bi wajen musayar saƙo, wanda kamfanin Modicon ya fitar a 1979, yana kasa bayanan kowace na'ura gida huɗu. Gida biyu na farko suna ɗauke da bit ɗaya ɗaya, wato a kunne ko a kashe: ɗaya ana karanta shi ana kuma rubuta masa, kamar umarnin tayar da famfo, ɗayan kuwa karantawa kawai ake yi, kamar alamar da ke nuna tanki ya cika. Sauran biyun rajistoci ne, wato gurabun ajiye lamba, masu bit 16, kowace tana riƙe lamba daga 0 zuwa 65535, a nan ma akwai na karatu kawai, akwai kuma waɗanda ake iya sauya musu ƙima. A tsohuwar al'adar Modicon, gidajen suna farawa ne daga 00001, 10001, 30001 da 40001, kuma har yau littattafan na'urori da yawa haka suke rubuta su.

Sai dai waɗannan lambobi a takarda suke tsayawa, ba sa bin waya. Idan PLC tana son rajistoci biyu na farko daga na'ura ta ɗaya, abin da take aikawa shi ne 01 03 00 00 00 02 C4 0B. Lamba ta farko adireshin na'urar ce, wanda ke iya zama daga 1 zuwa 247, domin sifili an ware shi ga saƙon da ake yi wa kowa a lokaci guda. Ita 03 lambar aiki ce, ita ce ke nuna gidan 40001 ake nufi. Da 04 ce, da gidan 30001 za a leƙa. Sifilai biyun da suka biyo su ne adireshin farawa, sai adadin rajistoci, sai lambobin tantance kuskure a ƙarshe. Ke nan rajistar da littafi ya kira 40001 ita ce adireshi na sifili a kan waya, 40002 kuma adireshi na ɗaya.

Nan na yi tuntuɓe. Littafin mitar daga ɗaya yake ƙirge, manhajar da nake aiki da ita kuwa daga sifili, sai na zame da rajista guda, ina haɗa rabin wata ƙima da rabin wadda ke biye da ita. A ganina, duk kamfanin da ya buga jadawalin rajistoci bai faɗi daga ina ƙirgensa ya fara ba, ya bar aikinsa rabi.

Bayan na gyara wannan, sai wata ta ɓullo. Ƙarfin wuta, da yake lamba ce mai ɗigo, yana buƙatar bit 32, wato rajistoci biyu, kuma Modbus bai fayyace wacce ce ke zuwa gaba ba, kowane kamfani da nasa zaɓin. Ƙarfin wuta na 230 ana rubuta shi 4366 0000 a lissafin tushe sha shida, amma idan aka juya rajistocin ya zama 0000 4366, lambar da ke fitowa ƙanƙanuwa ce ƙwarai har allo ya nuna sifili, alhali injina suna ta ruri a bayana. 

Da la'asar na ɗauko mitar hannu na auna wutar da ke shigowa, sannan na juya jerin rajistocin biyu a manhaja, sai lambar allon ta yi daidai da ta hannuna. Da mitar hannun na bi sauran jadawalin ɗaya bayan ɗaya, ina rubuta adireshin waya da biro a gefen kowace lambar littafin.